Ɗan yayata na son barin jami'arsa a Amurka: me masu horar da ƙwallon kwando ke nema a kasuwar sauya sheƙa?

"Assalamu alaikum. Malam, ɗan yayata yana karatu a wata ƙaramar jami'a a Amurka. Ƙwallon kwando ce ta kai shi, su suke biya masa makaranta da ɗaki da abinci. Tsawonsa mita biyu da 'yan kai. Bana shekararsa ta biyu ke nan, amma da ƙyar yake samun minti goma a wasa. Yanzu ya kira uwarsa ya ce zai sa sunansa a wani abu wai shi fotal, wai wani mutum ya ce masa manyan makarantu na neman dogaye irinsa, har da kuɗi ake bayarwa. Uwar ta kasa barci, ni kuma ban san kan abin ba. Mene ne fotal ɗin nan, kuma da gaske ne ana neman irinsa?" — Wani mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kwantar wa Hajiya da hankali. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me zai faru da yaron ranar da sunansa ya shiga wannan rumbu, sannan ko maganar mutumin da ya kira shi tana da tushe. Na yi shekaru ina aikin yanka bidiyon wasanni da tantance 'yan wasa a ofishin kocin wata ƙaramar jami'a a can, irin wadda ɗanku yake ciki, don haka zan ba ka amsa daga ɓangaren masu saye, domin nan ne iyaye ba sa samun leƙawa.

Fotal ba wani gini ba ne, ba kuma kamfani ba ne. Rajista ce a intanet wadda hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta buɗe a watan Oktoban 2018. Ɗan wasa zai rubuta wa ofishin bin doka na makarantarsa cewa yana son tafiya, su kuma cikin kwana biyu na aiki dole su shigar da sunansa. Daga wannan lokaci kowane koci a ƙasar yana iya kiransa. Kafin 2018 sai yaro ya nemi izinin kocinsa kafin wata makaranta ta yi masa magana, kocin ma yana iya cewa ban yarda ka je wuri kaza da wuri kaza ba. Kuma ko an bar shi ya tafi, a ƙwallon kwando sai ya yi shekara guda cur yana atisaye ba ya buga wasa. Ƙungiyar Baylor da ta ci kofin ƙasa a 2021 da irin waɗannan aka gina ta: Davion Mitchell daga Auburn, MaCio Teague daga UNC Asheville, Adam Flagler daga Presbyterian, da wani ɗan Kamaru, Jonathan Tchamwa Tchatchoua, daga UNLV. Dukkansu sai da suka ci zaman bencin shekara guda.

Wannan zaman shi ne birkin. A Afrilun 2021 aka cire shi ga wanda zai sauya karo na farko. A Disambar 2023 wani alƙalin tarayya a jihar West Virginia ya dakatar da dokar da ke hana mai sauyi na biyu buga wasa nan take, NCAA kuma ta sallama a Afrilun 2024. Daga nan yaro ya samu damar buga wa makaranta huɗu a shekara huɗu muddin karatunsa na kan hanya. Ana cikin haka kuɗi ya shigo: daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa cin kuɗin tallar sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL, sannan a Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Da birki ya tafi, kuɗi kuma ya zo, sai kasuwa ta ci. A 2025 'yan wasa maza sama da 2,000 ne daga rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i, suka shiga rumbun, a rukunin da ƙungiyoyinsa ba su wuce 360 da 'yan kai ba. Ƙofar shiga kuma ba kullum take a buɗe ba. An fara da kwana 60, aka dawo 45, a 2025 kwana 30 ne, daga 24 ga Maris zuwa 22 ga Afrilu, kuma kusan kowace shekara sai an taɓa ranakun, don haka ranar bana a bakin ofishin bin dokar makarantarsa zai ji ta.

Ga abin da nake so Hajiya ta riƙe kafin komai: ranar da sunan ya shiga, makarantarsa ta samu ikon janye tallafin karatunsa a ƙarshen zangon da ake ciki, kuma ba dole ba ne ta karɓe shi idan ya fasa. Wanda ya zauna kuwa, tun Agustan 2024 dokar rukuni na ɗaya ta hana a yanke masa tallafi don kawai ba ya taɓuka abin kirki a fili ko don ya ji rauni. Wato yaron yanzu yana riƙe da abu tabbatacce, zai sake shi ne ya kama wanda bai gani ba tukuna.

Yadda koci yake lissafi

A ofishinmu, washegarin wasan ƙarshe na kaka, kafin ma a wanke riguna, babban koci zai tsaya gaban farin allo ya rubuta 200. Wasa minti 40 ne, mutum biyar ne a fili, minti 200 ke nan da za a raba. Sai ya fara cirewa: wane ya gama karatu, minti 32 sun tafi, wane mun san zai gudu, 28 sun tafi, wane gwiwarsa ba ta warke ba. Abin da ya rage babu mai shi, shi ne buƙatarmu. Ba a cewa "muna neman gwani". Ana cewa muna neman wanda zai riƙe mana minti 18 a ƙarƙashin kwando ba tare da ya tara laifi biyar an kore shi ba, ko muna neman mai jefa maki uku daga kusurwa don a daina cunkushe wa dogonmu hanya. Kowane kira da koci zai yi a fotal, wani rami ne yake son cikewa, kuma ramin yana da siffa.

Dalilin da ya sa suka koma fotal suka rage zuwa makarantun sakandare ba ɓoyayye ba ne. Yaro ɗan shekara 18 sai ka ciyar da shi shekara biyu kafin jikinsa ya iya karo da ɗan shekara 23, kuma da zarar ya nuna kai wani ya fi ka kuɗi ya ɗauke. Wanda ya buga kaka biyu ko uku a jami'a kuwa akwai bidiyon kowane motsinsa, akwai alƙalumansa a shafuka irin su KenPom da Synergy, an san yadda yake idan an matsa masa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma kocin da ya san kaka biyu marasa kyau za su raba shi da aikinsa ba shi da haƙurin jiran sabuwa ta nuna.

Dubi Kentucky a 2024. John Calipari ya koma Arkansas a watan Afrilu, Mark Pope ya zo daga BYU ya tarar babu ko ɗan wasa ɗaya mai tallafin karatu da ya rage masa. Minti 200 ɗin gaba ɗaya babu mai su. Bai bi sunaye ba, aiki ya bi. Tsarinsa na son dogon da ya iya miƙa ƙwallo daga saman da'ira, sai ya ɗauko Amari Williams daga Drexel. Yana son maharbi, sai Koby Brea daga Dayton. Yana son mai tsaron da zai hana mai rabon ƙwallon abokan hamayya sakat, sai Lamont Butler daga San Diego State. Ya haɗa da Otega Oweh daga Oklahoma, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Drexel da Dayton ba sa'o'in Kentucky ba ne a suna, amma yaran sun zo da sana'ar da aka riga aka gani a bidiyo, ƙungiyar kuma ta kai zagayen 'yan 16 a gasar ƙasa ta 2025.

Shin ana neman dogaye?

Ana nema, a nan mutumin bai yi ƙarya ba. Masu tsawon mita 1.88 da suka iya wasa da ƙwallo sun cika Amurka, amma mai mita biyu da ɗoriya da ke iya gudu daga kwando zuwa kwando, ya tare jifa, ya tsinci ƙwallon da ta ƙi shiga, kullum ƙaranci yake yi. Misalin da ya fi kusa da ɗanku shi ne Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya da ya fito daga makarantar NBA Academy Africa da ke Saly a Senegal. Ya yi kakarsa ta farko a Washington State, ba wani maki mai yawa yake ci ba. A Maris ɗin 2024 dogon Florida, Micah Handlogten, ya karye a ƙafa a wasan ƙarshe na gasar SEC, wato gamayyar manyan jami'o'in da Florida ke ciki, wani dogon nasu kuma, Tyrese Samuel, shekarunsa na wasa sun ƙare. Rami ya buɗe. A daidai lokacin kocin Chinyelu, Kyle Smith, ya koma Stanford. Kocin Florida, Todd Golden, tsohon mataimakin Smith ne a Columbia da San Francisco, wato ba cinikin biri a sama zai yi ba, yana da wanda zai tambaya. Chinyelu ya koma Florida, ya shiga biyar ɗin farko, kuma ranar 7 ga Afrilun 2025 suka doke Houston 65 da 63 suka ɗauki kofi. Ba a kawo shi don cin maki ba, wannan aikin Walter Clayton Jr. ne, wanda shi ma daga Iona ya zo, da Alijah Martin daga Florida Atlantic, da Will Richard daga Belmont.

Ka lura da abubuwan da suka haɗu a labarin nan: gurbi na gaske, aikin da yaron ya riga ya nuna ya iya, da mutumin da ya san shi ya kuma san mai saye. Idan ɗaya ya ɓace, tsawo kaɗai ba ya sayar da kansa.

To a nan ne minti goman ɗanku ke damuna. Ba minti goman ba ne matsalar, dalilinsu ne. Idan ina duba dogo mai ƙarancin minti, abu na farko da nake nema shi ne wa ke gabansa. In wani ɗan shekarar ƙarshe ne gwarzon ƙungiya ya tare masa hanya, ba laifinsa ba ne, kuma wataƙila baɗi gurbin nasa ne ba tare da ya motsa ko'ina ba. In kuwa yawan laifi ne ke zaunar da shi, ko ba ya gane inda zai tsaya idan abokin hamayya ya tare wa abokinsa hanya da jiki, ko ƙwallo na zame masa a hannu, to wannan zai bi shi duk inda ya je, kuma a babbar makaranta ba za a tsaya koya masa ba, za a sayo wani ne. Mukan ɗauki alƙalumansa mu auna su a kan minti 40 don mu ga hoton gaskiya: sau nawa yake tsintar ƙwallo, sau nawa yake tare jifa, laifi nawa. Sai jifar kyauta, wadda ake ba wanda aka yi wa laifi, domin ita ke nuna ko hannu zai gyaru nan gaba. Sannan mu kalli wasanninsa da manyan makarantu na watan Nuwamba da Disamba, waɗanda ƙananan jami'o'i ke zuwa bugawa a biya su. Minti shida masu kyau a gaban ƙungiyar da ke Big Ten, ɗaya daga cikin gamayyar manyan jami'o'i, sun fi minti talatin a kan wadda ba a san ta ba.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, fotal hanya ce mai hawa da sauka, kuma masu sauka ba su da kaɗan. Masu hawa su ne waɗanda suka mamaye ƙaramin rukuni: Johni Broome daga Morehead State zuwa Auburn, Mark Sears daga Ohio zuwa Alabama, ko Dalton Knecht da ya fara daga kwalejin shekara biyu a Colorado, ya wuce Northern Colorado, ya ƙare a Tennessee har Lakers suka ɗauke shi na 17 a 2024. Duk sun zama taurari a inda suke kafin su tashi. Wanda ke benci a ƙaramar makaranta, kiran da ya fi samu daga sa'anninta ne, ko daga rukuni na biyu. Ba abin kunya ba ne. Kai da kake Zariya ka san Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019. A Bismarck State da ke North Dakota, wadda a lokacin kwalejin shekara biyu ce, ya buga tasa ƙwallon. Amma yaro ya san wace hanya ya kama, kada ya fita da mafarkin babbar makaranta irin Kansas ya farka a watan Agusta ba shi da ko'ina.

Na ga hakan da idona. Wani yaronmu, shi ma daga Afirka ta Yamma, wani dillali ya riƙa kiransa da dare yana ambata masa manyan makarantu uku. Kocinmu ya ce masa ya bari ya kira makarantun a gabansa, ya ƙi, yana ganin baƙin ciki ake yi masa. Ya shiga rumbu. Cikin mako biyu mun ba wani gurbinsa, domin mu ma ramin ba zai jira ba. Makarantun uku, biyu ba su taɓa jin sunansa ba, ta ukun ta sa shi a jerin ko-ta-kwana, na huɗu a layi. Dillalin ya daina ɗaga waya. Daga ƙarshe wani tsohon mataimakinmu ne ya sama masa wuri a rukuni na biyu da rabin tallafi. Har yau ina jin nauyin abin, domin ni nake jin yarensu kaɗan-kaɗan, kuma ban zauna da shi da wuri ba.

Kuɗi, biza da takardar digiri

Dala miliyan 20.5 ɗin nan rufi ne, ba rabo ba. Manyan jami'o'i ne ke kaiwa can, kaso mafi tsoka kuma ƙwallon Amurka ta masu kwalkwali ke cinyewa. Ƙananan makarantu ko kusa ba sa zuwa, wasu ma ba su shiga tsarin ba. Sannan ɗanku yana da wata sarƙaƙiya da ɗan ƙasa ba shi da ita: bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da zai yi a biya shi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya bar West Virginia ya koma Kentucky ya zama gwarzon ɗan wasan ƙasa a 2022, sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a watan Agustan shekarar ya samu damar yin tallace-tallacensa, saboda a can ba ya kan ƙasar Amurka. In gwarzon ƙasa sai da ya bi ta nan, to duk wanda ya ambata wa ɗanku adadi a waya bai kawo maganar biza ba, ko bai san aikinsa ba ko ba ya nufin biya. Ni ba lauyan shige da fice ba ne, wannan fannin ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar ne da lauya, kuma a rubuce ake son amsarsu. Su ne kuma za su mayar da rajistarsa ta SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗaliban ƙasashen waje, zuwa sabuwar makaranta a ba shi sabuwar takardar I-20 mai shaida ɗalibinta ne. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, tun daga lokacin kuma al'amarin ya ƙara tsauri, don haka kada ya ce zai zo gida hutu tsakanin makaranta biyu sai ya ji ta bakinsu.

Sai karatu, wanda ni a wurina shi ne asalin ribar tafiyar, tunda NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, mutum 60 ko ƙasa da haka take ɗauka a zaɓenta na shekara daga duniya baki ɗaya. Ba duk kwas ɗin da ya ci ba ne sabuwar jami'a za ta lissafa masa. NCAA na son ɗan wasa ya kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu. Yaron da ya sauya ya rasa kwasa-kwasai sai a tura shi wani fanni mai sauƙi da bai taɓa sha'awa ba, don dai ya samu buga wasa. Manya ma abin na kama su: Caleb Love ya bar North Carolina a 2023 ya yi wa Michigan alƙawari, maganar kwasa-kwasan da za a karɓa ta wargaza shirin, sai Arizona ya tafi. Shi yana da masu jiransa a layi. Ɗanku fa?

Abin da zan yi da ɗan yayata ne

Ban ga wasan yaron ba, don haka ba zan ce ya tafi ko ya zauna ba. Amma da nawa ne, zan sa shi ya shiga ofishin kocinsa bayan kaka ya yi tambaya ɗaya ƙarara: a cikin 200 ɗin baɗi, nawa ka rubuta a gaban sunana, kuma kana neman wani dogon a fotal? Kociyoyi sun saba da wannan tambayar yanzu. Idan ya ce masa "zai fi maka kyau ka duba wani wuri", to sallama ce cikin ladabi. Doka ta ba shi ikon zama da tallafinsa, amma benci zai ci, kuma a nan tafiya tana da hujja. Idan kuwa ya nuna masa allo ya ce wane zai gama, minti 22 naka ne in ka rage laifi, guntun gatarinsa ya fi sari ka ba ni. Kaka guda yana cikin biyar ɗin farko za ta ninka darajarsa, ya shiga rumbu baɗi a matsayin wanda ake nema. Akwai ma makarantun da har yanzu renon nasu suke yi: Matt Painter na Purdue ya riƙe Zach Edey shekara huɗu, daga yaron da ke fitowa daga benci har ya zama gwarzon ƙasa sau biyu, 2023 da 2024.

Shi kuma mutumin waya, a tambaye shi sunan makarantar da sunan mataimakin kocin da ya yi magana da shi. Doka ta hana makaranta tuntuɓar yaro kafin sunansa ya shiga rumbu, don haka duk abin da ake faɗa yanzu raɗe-raɗin bayan fage ne, babu wanda za a kama da shi. Amma kai ma daga Zariya kana iya buɗe shafin ƙungiyar ka ƙirga dogayenta: nawa ne, aji nawa suke, nawa aka riga aka ɗauko bana. Ƙungiyar da ta shiga tsarin biyan kuɗi mutum 15 ne iyakarta, waɗanda ke buga wasan gaske kuwa takwas ne ko tara. In ka ga dogaye huɗu 'yan aji biyu da uku a jere, ɗanku abokin atisaye ake nema. A tambayi mutumin wayar kuma kashi nawa zai ɗauka, kuma kada yaron ya sa hannu a kowace takarda da ta ba wani kaso daga abin da zai samu bayan ya bar jami'a. In an kai ga tayi na gaske, a nemi uku a rubuce kafin ya ce na yarda: takardar tallafin karatu da abin da ta ƙunsa, jerin kwasa-kwasan da aka karɓa daga ofishin rajista, da bayanin ofishin ɗaliban waje kan yadda za a biya shi ba tare da an taɓa bizarsa ba.

Ka ce masa ya turo maka cikakkun wasanni biyu, ba guntayen da aka tsinto masu kyau ba, ɗaya wanda ya yi ƙoƙari, ɗaya wanda aka zaunar da shi da wuri. Ka kai wa ɗaya daga cikin tsofaffin masu horarwa na filin ƙwallon kwandon Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ku kalla tare, ku ƙirga sau nawa alƙalin wasa ya busa masa da kuma a minti na nawa.